Wuƙar farautar kakanmu, don Allah a taya ni gano shekarunta

Kabiru Dala: Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da war haka. Don Allah ina neman taimakon masana a cikinmu. Akwai wata wuƙar farauta da muka gada, ta kakanmu ce Allah ya jiƙansa, shi ya bar wa mahaifinmu, to da Baba ya rasu bara sai aka same ta a ƙasan adakarsa naɗe cikin wani tsohon rawani. Tun muna yara abin da muke ji a gida shi ne wai da ita uban kakanmu ya je yaƙin Basasar Kano, kuma wai ƙirar maƙeran cikin gari ce, amma da na zare ta daga kube na duba sosai sai naga kamar akwai rubutun boko a gindinta dab da ƙota, ya goge sosai ba ya karantuwa sai wasu haruffa. Tsawonta gaba ɗaya inci 11, ƙotar ta baƙin ƙaho ce, kuben jar fata ne da ya koma kamar ruwan ƙasa. Ga hotuna nan. Ni dai so nake in san gaskiyar zamaninta saboda in 'ya'yana sun tambaye ni in faɗa musu abin da na tabbatar.

Sadiq Gwale: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan magabata. Yaya Kabiru ka kai ta wajen masu giranda a Ƙofar Ruwa su ɗan goge maka tsatsar nan, minti biyar rubutun zai fito tas.

Malam Lawan Maƙeri: Kai Sadiq a'a, don girman Allah Kabiru kada ka yi wannan. Giranda ba tsatsa kaɗai take ci ba, da ƙarfen take haɗawa, rubutun nan da kake nema zurfinsa bai kai kaurin farce ba, wucewa ɗaya za ta yi a kai shi ke nan ya tafi har abada, ga zafin da take sa wa ƙarfe ya kashe masa kaifi. Kada sanfefa ta taɓa ta, kada ruwan batir, kada lemon tsami. Ka samu man keken ɗinki ka ɗiga a wurin ka bar shi ya kwana, da safe ka goge da tsumma mai laushi, sai ka murza alli a kan rubutun ka share da yatsa a hankali, allin zai zauna a cikin ramin haruffan. Ka shiga ɗaki mai duhu ka haska fitilar waya daga gefe, a kwance, ba daga sama ba, sai wani ya ɗauka maka hoto da wata wayar.

Sadiq Gwale: To Baba Lawan na ji, Allah ya ƙara girma.

Malam Lawan Maƙeri: Kuma tun kafin rubutun ya fito bari in faɗa maka abin da idona ya gani a hoto na biyu. Ruwan wuƙar nan ba ƙirarmu ba ce. Wuƙar da aka ƙera a maƙera komai ƙwarewar maƙeri in ka karkata ta a rana za ka ga sawun guduma ko na magagari, bayanta ba ya zuwa da kauri ɗaya daga gindi har tsini. Wannan bayanta a miƙe yake sambal, kuma wurin da kaifi ya fara an yanke shi daidai wa daida ta kowane gefe, aikin babban dutsen washi ne na masana'anta. Amma ƙotar tamu ce, wannan ko a mafarki na gan ta na san hannun maƙerin Kano ne, ƙahon sa ne aka gasa aka matse.

Baba Garba Maharbi: Salamu alaikum. Ni jikana ne yake rubuta min. Kabiru ɗana na san kakanka, mun fita dawa tare da shi ina saurayi shi yana dattijo, har Falgore mun je, kuma na ga wuƙar nan a ɗamararsa da idona. Mutum ne da ba ya ƙarya. In ya ce ta je Basasa to ta je. Ku yaran yanzu sai abin da Bature ya rubuta kuke yarda da shi.

Kabiru Dala: Allah ya ja da ran Baba, wallahi ba ƙaryata shi nake ba, ni ban ma ji daga bakinsa ba don ina ƙarami ya rasu, a 1987, a bakin iyayenmu muka ji. Shi ya sa nake son a bi abin a hankali.

Malam Tijjani Tarihi: Baba Garba Allah ya ƙara lafiya, maganarka tana da gurbi, domin kasancewar ƙarfe na Turai bai hana a ce ya je Basasa ba. Mutane da yawa suna zaton kayan Turai sai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 suka fara shigowa, alhali tun kafin nan fatake suna kawo su ta hamada daga Tarabulus, ta Gadamas da Gat da Agadas, Larabawan da ke zaune a Dandalin Turawa su ne dillalansu. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa ya ga ruwan takubba masu yawa ana shigo da su, galibi ƙirar garin Solingen na Jamus, a nan Kano ake yi musu ƙota da kube a sayar har ƙasashen Buzaye. Kenan ruwa na waje ƙota ta gida ba sabon abu ba ne a kasuwar Kurmi. Abin da zai raba gardama shi ne me aka rubuta. Basasa dai an yi ta ne daga 1893 bayan rasuwar Sarki Bello, tsakanin Tukur da Yusufawa, Alu jagoran Yusufawa ya shiga gari 1894, aka ƙare 1895. Duk hatimin da ya nuna bayan wannan to sai mu sake lissafi.

Kabiru Dala: Jama'a barkanmu da safiya. Na yi yadda Baba Lawan ya ce kuma wallahi abin mamaki rubutun ya fito, ba duka ba amma da yawa. A sama akwai G sai hoton kambin sarauta sai R. Ƙasa da shi JOSEPH ROD sai ya goge sai SONS. Layi na gaba CUTLERS TO HIS sauran ya tafi. Can ƙasa SHEFFIELD ENGLAND wannan ya fito sarai. A ɗaya gefen kuma akwai ɗan tauraro da wata alama kamar kuros mai faɗin baki. Sannan wani abu da ban taɓa lura da shi ba sai da man ya jiƙa dattin, a ƙarshen ƙotar ashe kuɗi ne aka sa, mai huji a tsakiya, ƙarfen wuƙar ya fito ta hujin aka dake bakinsa ya baje.

Injiniya Nura: Masha Allah, ai ka gama samun rabin amsarka. Wannan kamfanin Joseph Rodgers and Sons ne na garin Sheffield a Ingila, suna cikin mafi shahara a ƙera wuƙaƙe a duniya a zamaninsu, tauraro da kuros ɗin nan shi ne tambarinsu. Su ne masu yi wa gidan sarautar Ingila wuƙaƙe shi ya sa suke buga harafin sarkin da ke kan mulki. In Sarauniya Biktoriya ce za ka ga V da R, ita ta yi mulki 1837 zuwa 1901, kuma rubutun zai ce HER ne ba HIS ba. Bayanta Edward na bakwai 1901 zuwa 1910, E da R. G da R kuwa George ne, na biyar 1910 zuwa 1936, na shida 1936 zuwa 1952. Lokacin Basasa Biktoriya ce a kan gado, da wuƙar ta je yaƙin da V za mu gani.

Sadiq Gwale: Injiniya na duba a intanet akwai wani George kafin Biktoriya fa, na huɗu, 1820 zuwa 1830. Me zai hana a ce nasa ne? In haka ne ai maganar Baba Garba ta tabbata har ma ta wuce.

Injiniya Nura: Tambaya mai kyau Sadiq, kuma gaskiya ne akwai wuƙaƙen Rodgers masu G da R na wancan zamanin. Abin da ya toshe wannan hanyar kalmar ENGLAND ce. A da Sheffield kawai suke bugawa don sunan garin ya ishe su talla. A 1890 Amurka ta yi dokar haraji da ake kira da sunan McKinley, ta ce daga 1891 duk kayan da za a shigar ƙasarta sai an rubuta sunan ƙasar da aka yi shi, to daga nan kamfanonin Sheffield suka shiga ƙara sunan ƙasa a hatiminsu tunda Amurka babbar kasuwarsu ce. Rashin kalmar ba ya tabbatar da cewa wuƙa ta girmi 1891, don wadda aka yi domin kasuwar cikin gida tana iya zuwa babu, amma samunta yana nuna bayan nan ne. To haɗa biyun, sunan ƙasa ya ce bayan 1891, G ya ce ba Biktoriya ba ba Edward ba, sai ya rage 1910 zuwa 1952. A lissafinmu na nan daga tsakiyar zamanin Sarki Abbas, ya ratsa na Usman, har kusan ƙarshen na Abdullahi Bayero wanda ya rasu 1953.

Hajiya Binta Yakasai: Ni tambayata ita ce ba a yin jabun irin wannan hatimin? Don yanzu komai ana bugawa.

Injiniya Nura: Ana yi Hajiya, tun a wancan zamanin ma an sha kwaikwayon sunan Rodgers saboda tsadarsa. Amma ko jabu ce ba za ta girmi abin da ta kwaikwaya ba, mai jabu ba zai buga harafin sarkin da bai hau ba tukuna. Ta fuskar shekaru dai lissafin bai canza ba.

Malam Lawan Maƙeri: Kabiru koma kan kuɗin nan na ƙota, shi ya fi ɗaukar hankalina. Girmansa kamar me? In ƙarami ne kamar maɓallin riga babba to anini ne, in ya kai faɗin bakin kwalba ko ya fi to ɗari ne ko kwabo. Iyayenmu suna yawan yin haka, in ƙotar asali ta fashe aka kawo gyara, maimakon a tsaya yanke tagulla a huda, ga anini nan da hujinsa a shirye kuma ba ya tsatsa, sai a zura wutsiyar wuƙar a ciki a dake. Duba wane gefe ne yake waje, in gefen tauraro mai tsini shida ne to shekara tana nan a ƙasa.

Kabiru Dala: Ƙarami ne Baba, anini ne kenan, kuma gefen tauraron ne a waje. Guduma ta ɗan taɓa wurin amma ana ganin 1944 ƙarara, da rubutun BRITISH WEST AFRICA a kewaye.

Malam Tijjani Tarihi: Alhamdu lillahi, wannan shaida ce mai ƙarfi amma a kula da abin da take faɗa. Ba ta ce an yi ƙotar a 1944 ba, cewa ta yi ba a yi ta kafin 1944 ba, domin anini yana iya yawo a hannun mutane shekara goma ko fiye kafin ya faɗa hannun maƙeri, kuɗin Afirka ta Yamma sun ci gaba da yawo har bayan da aka buga na Tarayyar Najeriya a 1959, naira da sabon kwabo kuwa sai 1973. Kuma tunda sai da ƙotar asali ta gaji ta fashe kafin a sake, ni a ganina ruwan ya jima yana aiki kafin nan, wato ya fi kama da zamanin George na biyar. Wannan ra'ayina ne ba hujja ba, ƙota tana iya fashewa ran da aka saya in ta faɗi kan dutse.

Malam Lawan Maƙeri: Ina bayanka Malam, dubi yadda cikinta ya rame. A gindi inda dutse ba ya kaiwa faɗinta ya fi na tsakiya da kusan rabin yatsa. Ƙarfen Ingila mai tauri ne, kafin washi da hannu ya cinye wannan sai an yi shekaru ana fiɗa da ita.

Abba Fagge: Ni fa ina ganin ta 'yan Bama ce. Kakana ya je yaƙin Bama, wato Burma, lokacin yaƙin duniya na biyu, ya dawo 1946 da kaya irin waɗannan, adda da wuƙa da kwalbar ruwa. Shekarar aninin ma ta yi daidai da lokacin.

Injiniya Nura: Zai iya yiwuwa Abba, sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 sun dawo da abubuwa da yawa. Kabiru duba ko akwai wata alama kamar kan kibiya ko sawun kaza, layi uku da suka haɗu a sama. Ita ce alamar kayan gwamnatin Ingila, kayan da aka raba wa soja galibi suna ɗauke da ita.

Kabiru Dala: Na duba ko'ina babu. Kuma a gidanmu ban taɓa jin wanda ya yi soja ba.

Injiniya Nura: To ta fi kama da wadda aka saya a kanti, irin su John Holt ko G.B. Ollivant ko UAC da aka kafa 1929, ko kuma wani Bature ya zo da abarsa ya bayar kyauta ko ya sayar da zai tafi gida. Wani abu kuma, kada baƙin da ta yi ya sa a ce ta fi haka tsufa. Ƙarfen da ba ya tsatsa a Sheffield ɗin aka gano shi a 1913, wani Harry Brearley, amma masu wuƙar farauta sun daɗe ba su koma kansa ba don na da ya fi ɗaukar kaifi, saboda haka wuƙar 1950 ma tana iya yin baƙi ƙirin haka.

Baba Garba Maharbi: Na saurari duk abin da kuka ce jikana ya karanta min. Ku duba kuben. Duk kun taru a kan ƙarfe ba wanda ya dubi kube. Wannan zoben fatar da ke jikinsa na mene ne? Wuƙar ɗamara ba ta da wannan. Na zura hannu ne, a damtse ake sa ta ƙarƙashin riga, irin ta mutanen da.

Malam Lawan Maƙeri: Wallahi Baba ya yi magana. Kabiru zura wuƙar har ƙarshe ka matsa ƙasan kuben da yatsa, akwai sauran fili?

Kabiru Dala: Akwai Baba, kusan yatsa uku babu komai a ciki. Kuma kuben a miƙe yake tsininsa a tsakiya, ita kuwa wuƙar bakinta ɗaya ne tsininta ya ɗan karkata, in an sa ta tana ɗan girgiza shi ya sa ma aka cusa wani tsumma a bakin. Ɗinkin da siririyar fata aka yi ba zare ba, akwai ɗan sauran kore a bakinsa, sannan akwai wata 'yar laya ɗinke a baya.

Malam Lawan Maƙeri: Shi ke nan, ba don ita aka ɗinka kuben nan ba. Baduku a jikin wuƙa yake yanka kube, ba ya barin yatsa uku. Wannan na wuƙa mai baki biyu ce, doguwa, ƙirar gida. Ko ta karye ko ta ɓata aka sa wannan a gidanta.

Baba Garba Maharbi: To kun gani.

Malam Tijjani Tarihi: Baba ya gano abin da ya wuce mu duka. Kenan abu uku ne a hannun Kabiru kowanne da shekarunsa, ruwa 1910 zuwa 1952, ƙota daga 1944 zuwa sama, kube kuma ba mu sani ba amma ya riga wannan wuƙar zama a gidan ko aƙalla ba nata ba ne. Labarin Basasa yana iya zama na wuƙar farko, da ta tafi sai labarin ya zauna a kan wadda ta gaje ta, kamar yadda ake ci gaba da kiran gida da sunan mai shi na farko ko an rushe an sake gini. Kuma lissafin haihuwa bai ƙi ba, in kakanka ya rasu 1987 yana wajen tamanin to an haife shi wajen 1907, mahaifinsa na iya zama saurayi mai ɗaukar makami a 1893.

Injiniya Nura: Na yarda kuben ba nata ba ne, amma Malam kada mu yi saurin kai shi Basasa. Fatar akuya da ake sawa a jiki kullum, ga gumi ga damina ga gara, ta yi shekara 130 tana riƙe da ɗinkinta? Kuma dukawa ba su daina ɗinka irin wannan kuben ba, har yau in ka shiga Kurmi za ka samu mai zoben damtse. Yana iya zama na 1930 ko 1950 shi ma.

Malam Lawan Maƙeri: Injiniya fatar da aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi in tana shan mai tana daɗewa fiye da yadda kake zato, je Gidan Makama ka ga kayan yaƙin da ke ajiye. Ban ce ta kai ba ban ce ba ta kai ba, sai na riƙe a hannuna na ga irin ɗinkin da abin da aka sa a ciki, itace ne ko fata biyu.

Sadiq Gwale: A buɗe layar mana, wataƙila akwai suna ko shekara a takardar.

Baba Garba Maharbi: Kul. Ba a buɗe layar maharbi.

Ustaz Auwal: Ni ba ta wannan fuskar zan hana ba, dogaro ga Allah ne kaɗai kuma laya ba ta kare kowa, amma masu rubuta ta ba sa sa kwanan wata, kuma takarda mai wannan shekarun kana warwarewa za ta marmashe, an ɓata kube ba a samu komai ba. Abin da nake son tunatar da Malam Kabiru shi ne wuƙar nan tana cikin dukiyar da mahaifinku ya bari, hakkin dukkan magada ce har mata, in ba a sa ta a rabo ba to a sanar da su, ko su yafe maka ko a yi mata kuɗi ka biya kowa rabonsa.

Kabiru Dala: Jazakallahu khairan Ustaz, mun zauna da 'yan'uwa tun lokacin rabo, sun amince ta zauna a hannuna a matsayin babba, ba ta sayarwa ba ce. Na faɗi haka ne kuma saboda mutum biyu da suka biyo ni ta akwatin saƙo tun jiya suna tayi, don Allah ku yi haƙuri.

Hajiya Binta Yakasai: Kabiru duk wannan binciken ku maza kuna ta auna ƙarfe, akwai sauran tsohuwa a gidan? Mata su ne suke riƙe irin wannan labarin, su suka san ranar da abu ya shigo gida da wanda ya kawo shi. In akwai gwaggo ko inna da ta rage ka je da wuƙar ka sa mata a hannu, kada ka ce mata Basasa kada ka ce mata Ingila, ka bar ta ta faɗa da kanta. Kuma kada ka tambaye ta shekara don ba za ta sani ba, ka tambaye ta lokacin an yi mata aure ko tukuna, Sarauniya Elizabeth ta zo Kano ko ba ta zo ba, wannan 1956 ne, wane sarki ne a gari, wa aka haifa a shekarar. Ka kunna rikoda a wayarka.

Kabiru Dala: Akwai Gwaggo, autar su Baba ta wajen uwargida, tana Gwammaja wajen ɗanta, ta haura tamanin amma hankalinta garau. Na kira ɗan nata yanzu ya ce in zo ranar Juma'a bayan la'asar. Da ya gaya mata maganar wuƙa ce wai sai ta ce wacce, ta Malam ko ta Baturen daji? Ni ban taɓa jin wani Baturen daji ba a gidanmu.

Malam Tijjani Tarihi: Allahu akbar. Wacce, kenan biyu ta sani. Ka tambaye ta ina ta Malam ɗin ta shiga, ko wani ɓangare na dangi ya ɗauka, kuma Malam wa take nufi, mahaifinta ko kakanta. Baturen daji kuwa mai yiwuwa jami'in gandun daji ne na zamanin En'e, suna yawan ɗaukar maharba su nuna musu hanya.

Malam Lawan Maƙeri: In ka fito daga wajen Gwaggo ka biyo da ita maƙera ranar Asabar da safe kafin mu hura wuta, kuma kafin nan ka raba ta da kuben, fata tana jan danshi ita ce take sa mata tsatsar nan. Ka shafe ta da mai ka naɗe a takarda daban, kuben kuma kada ka sa masa komai sai na gani.

Abba Fagge: Injiniya kafin a tashi, tawa ta gidanmu na ɗauko yanzu, ita an rubuta SOLINGEN da W. GERMANY, ashe ba ta Bama ba ce kenan?

Injiniya Nura: Ba ita ba ce Abba, Jamus ta Yamma sai 1949 aka kafa ta, ta haɗe da ta Gabas 1990, taka tana tsakanin nan. Ɗora hotonta a sabon zare mu duba tambarin kamfanin, kada ta cakuɗe da ta Kabiru.